Ƙaramar hot rod mai injin ban-ruwa: tambayoyin da ake yawan yi min

Sana'ata gyaran ƙananan injina ce, na ban-ruwa da na markaɗe da janareta, to tun da na haɗa wata 'yar ƙaramar mota a tsakar gida mutane suke ta min tambayoyi, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na tara su nan wuri guda.

Malam wai mene ne ma hot rod ɗin?

Abin Amurkawa ne, can kudancin Kalifoniya ya samo asali a shekarun 1930. Samari ne marasa kuɗin sabuwar mota suke sayen tsofaffin Ford, Model T wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927 da Model A da ta biyo bayanta, sai su cire mata duk abin da ke ƙara nauyi, madigadi da rufi da bamba, su taɓa injin ko su sa wanda ya fi shi, su tafi busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage su yi tsere a fili fetal. Ford ta 1932 mai injin V8, wato mai silinda takwas, ita ce sarauniyarsu har gobe. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya bunƙasa, a 1948 aka fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA dan a ɗauke tseren daga kan titi a kai shi inda aka tanada.

Akwai wani salo da suke ce wa T-bucket, wato bokiti, saboda bodin Model T ne kawai kamar an ɗora bokiti kan shasi, tayoyin baya manya na gaba sirara. Shi ne aka fi kwaikwaya a ƙananan.

To ai hot rod gudu aka san ta da shi, ina haɗinta da inji mai ƙarfin doki 6?

Siffar ake so da aikin hannun, gudun kuma a bar wa masu V8. Kuma ba yau aka fara ba fa. Kamfanin Briggs & Stratton na Milwoki a 1919 ya sayi haƙƙin ƙera wata 'yar mota da ake kira Flyer, katako ne kawai a shimfiɗe da kujeru biyu, taya huɗu da ta biyar a baya wadda injin ke jikinta, a 1922 ana sai da ita wajen dala 125. Sai King Midget da aka yi a garin Athens na jihar Ohayo daga 1946 zuwa 1970, ta farkon a wargaje ake aiko maka da ita ka haɗa da kanka, injinta mai silinda ɗaya ne. A 1956 Art Ingels ya ɗora injin yankan ciyawa kan firam ɗin fayif, nan ƙaramar motar tseren da ake ce wa go-kat ta samo asali. Akwai kuma 'yan ƙungiyar Shriners masu jajayen huluna da ke tallafa wa asibitocin yara, in ana fareti a garuruwan Amurka za ka gan su manya da su cikin 'yan ƙananan motoci suna ta zagaye.

Wadda ta fi burge ni ita ce saikulkat. Peter da Michael Stevenson ne suka fito da ita a Kalifoniya a shekarun 1990, motar mutum ɗaya ce da ake yi mata kamannin motocin tseren 1920 da 1930 irin su Bugatti da Alfa Romeo, kuma sun sa mata ƙa'ida: injin Honda GX200, tayar babur mai inci 17, tsakanin tayar gaba da ta baya inci 66, faɗi inci 38, nauyi kar ya wuce wajen kilo 113. Da yake kowa da inji iri ɗaya yake zuwa, gasar sai ta koma wa ya fi iya gini da tuƙi. Har taro suke yi a garin Tieton na jihar Washinton.

Wane inji ya fi dacewa?

In mutum ɗaya za ta ɗauka, GX200 ko 'yan uwansa. Silinda ɗaya ne, cc 196, iska ke sanyaya shi, nauyinsa wajen kilo 16, da igiya ake tada shi, kuma an rubuta 6.5, wato ƙarfin dokinsa, a jikin tsofaffinsu. A Amurka yanzu da yawa Predator 212 na shagunan Harbor Freight suke saye saboda araha, shi ma kusan kwafin na Honda ne daga Chaina. Kuma nan ne abin ya shafe mu, domin wannan injin dai shi ne yake kuka a fadama lokacin noman rani, shi ne a wajen mai markaɗe, ko dai shi ko ƙaninsa GX160 mai cc 163, kowane bakanike ya san cikinsa kuma kafireta da fulogi da ring duk akwai su a kasuwa.

In mutum biyu ne ko bodin ƙarfe mai nauyi sai ka hau GX390 mai ƙarfin doki 13. Masu son amo irin na babbar mota suna sa mai silinda biyu kamar Predator 670 ko Vanguard na Briggs, amma gaskiya ban ba mai farawa shawarar wannan ba, ƙarfin doki sama da 20 a kan waldar da ba a gwada ba ba abin wasa ba ne.

Oga ina da tsohon janareta da kwayil ɗinsa ya ƙone, in cire injin kawai?

Duba bakin shaf ɗinsa tukuna, wato sandar da ke juyawa da ta leƙo daga jikin injin. Na janareta yawanci mai tsini ne, yana sirancewa zuwa ƙarshe saboda ya shige cikin rota, na injin ban-ruwa kuma sau da yawa mai zare ne da ake murza farfela a kai. Kuloci kuwa miƙaƙƙen shaf yake so mai gurbin ki. Na markaɗe da ake ɗaura wa fuli shi ne ya fi dacewa kai tsaye. In kuma na janareton ne kaɗai kake da shi, canza masa kiranshaf ya fi a kai shi a sassaƙe. Sannan ka auna kauri, akwai mai inci uku bisa huɗu wato milimita 19 da ɗan ɗori, akwai mai milimita 20, a ido ɗaya suke amma kulocin wannan ba ya zama a wancan, mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan.

Gudun nawa take yi?

Wanda ka zaɓa mata. Wannan ita ce tambayar da nake so a tsaya a fahimta, dan duk ginin a kanta yake.

Injin nan in gwamnansa, wato na'urar da ke hana shi wuce ƙima a juyi, na nan yana juyawa sau 3600 a minti in an taka totur ƙarshe. Tayar babur mai rim 17 da robarta, zagayenta kusan mita 1.75 ne. To in ka sa siforket mai haƙori 12 a inji da mai haƙori 72 a baya, injin zai juya sau 6 kafin taya ta juya sau ɗaya, kenan taya sau 600 a minti, ka ninka da 1.75 ka samu mita 1050 a minti, wato wajen kilomita 63 a awa. A kan akwatin katako da kake zaune taƙi biyu daga ƙasa, wallahi wannan gudu ne mai yawa.

Sai a sa sandar tsakiya, jakshaf suke ce mata, wata 'yar shaf ce mai boris biyu da siforket biyu da ke tsakanin inji da taya. Misali inji mai haƙori 10 ya ja mai 20 a jakshaf, ɗaya gefen mai 10 ya ja mai 60 a baya, biyu sau shida 12 kenan, taya ta koma sau 300 a minti, gudu ya sauko wajen kilomita 31. Abin da ka rasa a gudu ya dawo maka a ƙarfin ja ninki biyu, za ta hau tudu ta fita daga yashi, kuma kuloci ya huta. Ni tsakanin 25 zuwa 35 nake ganin daɗin motar nan yake, ka ji iska, ka ji injin yana bugawa a bayanka, mutane su samu damar kallonta da kyau, ai dama dan a gani aka yi ta.

Kuloci zan sa ko tok-kwanbata?

Kulocin go-kat da kansa yake kamawa, in injin ya kai wajen juyi 2000 a minti sai takalman cikinsa su buɗe su kama kwano. Matsalar ita ce ƙasa da haka zamewa yake yi, zamewa kuwa zafi ce. Koma kan lissafin sama: da 6 bisa 1 da babbar taya sai motar ta kusa kilomita 35 kafin kuloci ya kama sosai, kenan duk tafiyar a hankali da kake yi ƙona shi kake. Haka ya faru da ni a gwajin farko, ko minti ashirin ban yi ba kwanon ya koma shuɗi yana hayaƙi, kuma ba laifin kulocin ba ne, lissafin ne ban yi ba.

Tok-kwanbata fuli biyu ne da bel, irin tsarin babur sukuta mara giya. Wanda ake sa wa ƙananan injina shi ne 30 series, na kamfanin Comet ne asali amma kwafinsa ya cika kasuwa. Yana tashi da kusan 2.7 bisa 1 ya ƙare a wajen 0.9, wato giya ɗaya har zuwa ta ƙarshe da kansa. Ga mota mai babbar taya da tafiyar fareti shi ne daidai. Ka dai lura bel ɗinsa gefe ɗaya a miƙe yake ɗaya a karkace, in aka juya shi baibai nan da nan zai cinye, kuma kar mai ko giris ya taɓa shi. GX390 zuwa sama sai 40 series.

Abokina ya ce in cire gwamna zai ƙara gudu sosai, gaskiya ne?

Zai ƙara. Amma kar ka yi, dan Allah.

Fulawil ɗin injin nan, wato faifan nan mai nauyi da ke juyawa tare da kiranshaf, zubin ƙarfe ne da maganaɗisu a jikinsa, an yi shi ne dan 3600. In ya wuce 5000 yana iya tarwatsewa, kuma a irin wannan motar injin a bayan kujera yake, daidai ƙugunka. Kwanrod ɗin ma, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, zubi ne, ba famfon mai a injin, ɗan cokali ne a gindin kwanrod yake fantsama baƙin mai sama. Sannan masu cire sandar waje kawai su bar giyar gwamna ta roba a ciki, in ta fashe gutsattsarinta cikin injin suke yawo. Masu tseren go-kat da ke cirewa suna canza fulawil da kwanrod zuwa na sassaƙaƙƙen alminiyom su canza sifirin ɗin bawul. Kai da kake gina motar yawo ba ka da buƙatar ko ɗaya, in ka ga ta yi maka sanyi canza siforket.

Tana da ribas?

Saikulkat ba ta da shi, sauka ake a tura. Mai so yana sa ƙaramin akwatin giya mai gaba da baya na go-kat, a Amurka kuma da yawa gindin motar yankan ciyawa suke ɗaukowa gaba ɗaya dan yana zuwa da giya da ribas.

Me ya sa na ga taya ɗaya ce kawai ke ja a wasu?

Saboda a kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya mai nisa. In ka ɗaure tayoyin baya biyu kan sanda ɗaya dole su juya daidai, to sai motar ta ƙi kwana, ka murɗa sitiyari ita kuma tana turawa gaba, sifok ɗin taya suna shan wahala. Babbar mota difaranshal ke warware mata wannan. Hanya mafi sauƙi a ƙaramar ita ce a kulle taya ɗaya da aksul a bar ɗayar tana yawo kan boris, haka Stevenson suka yi. Aibinta a yashi ko taɓo tayar da ke ja sai ta yi ta juyawa a banza. Aksul ɗin keken dakon kaya yana da difaranshal amma yana da nauyi, sai in da GX390 za ka yi.

Tunda an zo maganar taya, rim 17 shi ne na babur roba-roba, samunsa ba wuya. Sai dai babur kwanciya yake a kwana, tayarsa ba ta saba da turi daga gefe ba, mota kuwa ba ta kwanciya. Dan haka a sa sifok masu kauri, a ɗaure su daidai, a riƙa ƙwanƙwasa su kafin a hau, wanda ya saki amonsa daban ne.

Da me ake shasi da bodi?

Shasi fayif ne mai kusurwa huɗu, inci 1 da inci 3, dogaye biyu da 'yan gicciye, kamar tsani. Kar a yi da fayif ɗin ruwa mai farin shafi, ba shi da ƙwarin aikin kuma hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi. A shimfiɗa a kan daɓen da ya baje daidai, a ɗiga walda a kusurwoyi, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta duka biyun su zo daidai, sannan a cike. Shasin da ya murɗe ba abin da zai gyara shi daga baya.

Bodi kuma filawud mai kaurin milimita 6 ya isa, wasu su lulluɓe shi da fallen alminiyom, in kana da fanel bita mai hannu ya buga maka hanci da wutsiya. Nan ne fa idon mutum ke aiki. Ka samu hoton ainihin motar daga gefe, ka zana ta da alli a bango daidai girman da za ka gina, ka zauna a gabanta ka ga inda gwiwarka da kanka za su kai. Abin da ke sa a ce hot rod ce tun daga nesa ba fenti ba ne, tsayuwarta ce: gaba a sunkuye, baya a ɗan ɗage, aksul ɗin gaba ya fito gaban lagireto, gilas gajere, fitilu zagayayyu. Lagireton na ado ne tunda injin ba ya shan ruwa. Wasu har injin bogi suke sassaƙawa a gaba da salansa huɗu-huɗu, ni dai na fi son a bar dogon bonet kawai mutum ya miƙe ƙafafunsa a ciki.

Sitiyarina yana rawa kuma ba ya dawowa tsakiya, mene ne?

Kimfin ɗinka, wato fin ɗin da tayar gaba ke karkata a kansa in an murɗa sitiyari, a tsaye yake cak. A kwantar da kansa baya kaɗan, digiri 5 zuwa 10, kamar yadda fok ɗin babur yake, shi ke sa taya ta nemi miƙewa da kanta. Na biyu hannayen da tayarod ke kamawa, wato sandar da ke tura tayoyin gaba in an murɗa sitiyari, in ka ja zare daga kimfin ta kan ramin hannun ya kamata ya faɗa tsakiyar aksul ɗin baya, da haka tayar ciki za ta fi ta waje lanƙwasa. Na uku gaban tayoyin ya ɗan matso ciki da milimita 2 ko 3. Kuma duk notin da ke sitiyari a sa masa kota fin ko noti mai kulle kansa, injin silinda ɗaya jijjigarsa tana kwance komai.

Tunda ba gudu take ba birkin keke ba zai isa ba?

Ba zai isa ba ɗan'uwa. Mota kilo 113 da kai kilo 70, kusan buhun masara biyu kenan ke gangarowa, kuma a gangara in ka ɗaga ƙafa kuloci sakin injin yake, ba abin da ke riƙe ka sai birki. A sa faifan birki na babur mai amfani da mai, a jikin aksul ko tayar kanta. Kar a sa shi kan jakshaf duk da ya fi sauƙin ɗaurawa, ranar da sarƙa ta tsinke birkin zai riƙe jakshaf motar ta wuce abinta. In da hali tayoyin baya biyu duka su samu.

Da shi a haɗa abu uku: makashin inji kusa da hannu, sifirin biyu masu mayar da totur, da murfi a kan sarƙa da bel. Wannan na ƙarshen ina jaddada shi saboda irin suturarmu, bakin babbar riga ko gyale ko hijabi in sarƙa ta kama shi ba ta saki.

Injin yana mutuwa in na sha kwana, kafireta ce?

Yawanci ba ita ba ce. Akwai na'urar da ke kashe injin in baƙin mai ya yi ƙasa, an yi ta ne dan injin da ke zaune wuri ɗaya, to a kwana man yana gudu gefe sai ta ɗauka ya ƙare. Fara cika shi har bakin marfi, lita 0.6 ne kacal yake ci. Masu go-kat da yawa suna cire wayarta, in ka yi haka duba mai ya koma wuyanka duk ranar da za ka hau. Juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100, a ƙurarmu kuwa gara a rage, a riƙa wanke abin tace iska. In kuma bayan tafiya ce yake rage ƙarfi to zafi ne, ka rufe shi da bodi ba hanyar iska, a buɗe masa gefen igiya inda yake shaƙa da inda zafin ke fita, salansa kuma a nisanta ta da katako da tanki. Kar a tada shi a rufaffen shago ko gareji, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Za a iya hawa titi da ita?

A Amurka tun 1998 akwai rukunin motoci marasa gudu a dokar tarayya, waɗanda iyakar gudunsu ta wuce mil 20 amma ba ta haura 25 a awa ba, wato kilomita 32 zuwa 40, kuma sai da fitilu da sigina da madubi da gilas da bel ɗin kujera da birkin hannu da lambar shasi, jihohi da yawa kuma a titin da iyakar gudunsa ba ta wuce mil 35 ba kawai suke barinsu. Yawancin na gida ba su cika wannan ba, shi ya sa a fareti da wajen baje kolin motoci da gonaki da filayen da aka rufe ake hawansu. Nan ma haka ya kamata, ba rajista ba lamba, kuma direban tirela ba zai ma gan ka ba dan ba ka kai tsayin tayarsa ba.

Yarona ɗan shekara 10 zai iya tuƙawa?

Da sharaɗi. A ɗaure sukurun totur ta yadda ba za ta wuce saurin gudun mutum ba, ƙafarsa ta kai birki ba tare da ya zamo daga kujera ba, hular kwano a kansa, fili ba mutane ba dabbobi, kai kuma kana tsaye.

Daga ina zan fara, kuma me ya fi cin kuɗi?

Mutane suna ɗauka injin ne, amma in ka tara tayoyi huɗu da tok-kwanbata da birki da kayan sitiyari da kuɗin mai sassaƙa ƙarfe da zai yi maka hob da aksul sun fi shi nesa. Tayoyin za ka fara saye dan su ne ma'aunin komai. Sai zanen alli a bango, sai shasi, sai sitiyari da birki. Kafin inji ya hau, ka zauna a kai yara su tura ka, ka sha kwana dama da hagu ka taka birki da ƙarfi ka ga ko tana ja gefe. In wannan ya yi sai a ɗora inji a gwada ta tsirara ba bodi na kwana biyu uku, a sake bin duk walda da noti, bayan nan a yanka filawud.